Allo Biyu Ga Kwamfuta Ɗaya

Bayan haka, a sani tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukar allo biyu, muddin katin hotonta yana da kafa biyu. Galibi ɗaya VGA ce, shuɗiya mai ramuka 15, wadda kamfanin IBM ya fitar a 1987; ɗayar kuwa DVI, fara, ta 1999. Kowane allo a ba shi kafarsa, sa'an nan a umarci Windows ta shimfiɗa aiki a kansu.

Wanda ya sayi waya mai rassa biyu ya cusa a kafar VGA ɗaya, ya yi asarar kuɗinsa, gama hoto guda zai gani a allunan duka. In kuwa dukansu na VGA ne, sai a nemi mahaɗi, amma DVI-I kaɗai ke karɓarsa, banda DVI-D. A duba kafin a biya. Haza wasalam.