Asiransin Mota: Abin da Saurayi Zai Sani Kafin Ya Bar Gida

Gaisuwa ta musamman ga ɗalibanmu na ƙasar Madarumfa, daga Gabi har Safo, daga Ɗan Isa har Jiratawa. Yau hirarmu a kan asiransin mota ce. A Najeriya ana ce masa inshora. Abu ɗaya ne.

Kwanan baya wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya tsaya bayan an tashi daga karatu. Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Yarona ya samu farmi, wato takardar izinin tuƙi. Mun sayar da bijimi biyu, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi tsohuwar mota a Maraɗi. Zai koma Yamai da zama. Yanzu an ce sai ya biya asiransi. Shin wannan ba wani haraji ba ne kawai?"

Na ce, "Baba, ba haraji ba ne. Zauna in yi maka bayani." Bayanin da na yi masa shi ne zan yi muku yau.

Asiransi kamar asusu ne. Masu mota da yawa suna zuba kuɗi a hannun kamfani. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi haɗari, ya ji wa wani ciwo ko ya ɓata dukiyar wani, kamfanin ne zai biya diyya a madadinsa. Bambancinsa da adashi, a nan ba kowa ke kwasa ba. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, shi ake biya wa. Wanda ya gama shekara lafiya, sai ya gode wa Allah.

Doka ce ta wajabta shi. Ranar 10 ga watan Yuli na 1992, a birnin Yawunde na Kamaru, ƙasashenmu masu kashe kuɗin sefa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya. Ana kiran ta CIMA. Dokarta ta fara aiki a 1995, kuma yau ƙasashe 14 ke bin ta, har da Nijar. Dokar ta ce duk abin hawa mai inji sai an yi masa asiransi kafin ya hau hanya. Ku lura da kyau, na ce duk abin hawa mai inji. Ƴan kabu-kabu, da ku ma ake.

Wa wannan asiransi na dole yake karewa? Yana kare mutanen da ka yi wa ɓarna. Mai tafiya a ƙasa da ka buge, mai amalanke da ka kashe wa sa, mai motar da ka daka, fasinjan da ka ɗauko, ko da ɗan'uwanka ne. Amma direba kansa ba ya ciki. Motarka ma ba ta ciki. Idan ka faɗa rami kai kaɗai, gyaran mota naka ne, kuɗin magani naka ne. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai ranar da abu ya faru su ce kamfani ya cuce su. Akwai ƙarin asiransi na direba, da na sata, da na gobara, da wanda ya haɗa kome da kome. Kowanne da kuɗinsa. A ganina, saurayi mai tsohuwar mota ya fara da na dole. In da hali, ya ƙara na direba, don jikinsa shi ne jarinsa.

To, yaya ake yanka kuɗin? Ba ciniki ake yi ba kamar na akuya a kasuwa. Ana duba abubuwa sanannu. Ana duba ƙarfin injin, wanda ake lissafawa da dawaki, kuma yana rubuce a takardar motar da muke kira kartigiris. Ana duba ko esansi take sha ko gazuwal. Ana duba aikin da za ta yi: ta hawan gida ce, ta ɗaukar kaya ce, ko ta haya ce. Doka ta kuma yarda a duba yankin da motar ke yawo, da sana'ar direba, da irin direban. Shi ya sa za a tambaye ka shekarunka da ranar da ka samu farmi. Kada ka ji haushi. Sabon hannu ya fi saurin yin kuskure, kowa ya san haka.

Ke nan sauƙin kuɗi yana farawa tun ranar sayen mota. Mota mai dawaki kaɗan, asiransinta ya fi araha, man da take sha ma ya fi kaɗan. Samari suna son babbar mota don a gan su. Amma kuɗin sayen mota sau ɗaya ake biya, asiransi kuwa kowace shekara yana dawowa kamar damina. Kafin ka ba da ko dala, karɓi kartigiris, ka je ofishin asiransi, ka ce a lissafa maka. Tambaya ba a biyan ta.

Kada ka tsaya ofishi ɗaya. A ƙasarmu akwai kamfanoni irin su Leyma, da CAREN, da SUNU, da NIA. Ka zagaya biyu ko uku, kowanne ya rubuta maka kuɗinsa a takarda, ka dawo gida ka gwada. Za ka ga a asiransi na dole ba su yi wa juna nisa ba, saboda akwai farashin da doka ta hana a sauka ƙasa da shi. Inda suka fi bambanta shi ne ƙarin da suke haɗa maka. Tambayi kowane layi: wannan na mene ne, dole ne ko ganin dama? Ka kuma tambaya ko akwai rangwame ga wanda ya shekara bai yi haɗari ba.

Ana iya yin na wata 3, ko wata 6, ko shekara guda. Na wata 3 ya fi sauƙin biya a rana ɗaya. Amma idan ka haɗa shi sau 4, yakan wuce kuɗin shekara. Wanda yake da hali bayan kaka, ya biya na shekara ya huta. Wanda ba shi da hali, ya yi gajere, amma ya riƙe ranar ƙarewarsa. Tun 2011 doka ta hana asiransi bashi. Sai ka biya yake fara aiki.

Yanzu ga inda samari suka fi faɗawa. A bakin tasha wani zai ja ka gefe, ya ce yana da asiransi rabin kuɗi. Mun riga mun ce akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi. To, shi ina ya samo nasa? Takarda ce kawai mai tambari. Wataƙila ta wuce da kai shingen jandarma sau ɗaya ko sau biyu. Ranar haɗari kuwa, za a je kamfani a tarar ba su san da kai ba. Diyyar rai ko ta karaya sai ta dawo kanka da kan iyayenka. Gona ta tafi, garke ya tafi. Ka biya a ofishin kamfani ko wajen wakilinsa sananne, ka karɓi rasit.

Wata dabarar kuma ita ce ƙarya. Mota ta haya ce, ka ce ta hawan gida ce, don kuɗin ya ragu. Doka ta ce wanda ya ɓoye gaskiya da gangan, yarjejeniyarsa ta lalace, kuɗin da ya biya kuma ba a maida masa. Haka nan idan abu ya canza daga baya, misali ka mai da motar taksi, kana da kwana 15 ka sanar da kamfani a rubuce. Mai ƙaura shi ma ya je ya faɗa musu sabon garinsa. Zirga-zirgar Yamai ba irin ta bakin tabkin Madarumfa ba ce.

Dattijon nan ya ce mini, "Ai Malam, wanda ya sayar masa da motar ya bar masa asiransinsa, saura wata 5." Na ce, "Baba, wannan takarda ba ta bin mota." Idan an sayar da mota, asiransin tsohon mai ita yana tsayawa a ƙarshen rana ta 5 bayan ciniki. Daga nan sabon mai mota ba shi da kariya, ko da ranar da ke jikin takardar ba ta cika ba. Dole ya yi nasa da sunansa.

Takardun nan da Faransanci ake rubuta su. Kada wannan ya tsorata ku. Kun iya haruffa, kun iya lambobi. Duba sunanka, harafi bayan harafi. Duba lambar mota, ka gwada da wadda ke jikin motar. Sannan ka nemi ranaku biyu, ranar farawa da ranar ƙarewa. Rana ce a farko, sai wata, sai shekara. Idan ka ga 05/03, ranar 5 ga watan 3 ke nan, wato Maris. In ka ga kuskure, a gyara shi nan take, kafin ka fita ofis.

Mu mutanen bakin iyaka ne, Jibiya da Katsina suna kusa. Najeriya ba ta cikin CIMA. Tun 1982 ƙasashen CEDEAO suka kafa wani kati na asiransi don masu ƙetare iyaka da mota. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Saboda haka kafin ka wuce Ɗan Isa da mota, ka je kamfaninka ka tambayi takardar da za ta kare ka a can.

Idan haɗari ya faru, Allah ya kiyaye, a fara kai mai rauni likita. A kira jandarma ko ƴan sanda su auna, su rubuta. Kada ka sa hannu a kan wani alkawarin biya. Ka sanar da kamfani da sauri, kada ka bari kwana 5 su wuce. In sata ce, cikin kwana 2.

Yaron dattijon ya zagaya ofisoshi uku a Maraɗi, ya yi na wata 6 da sunansa, ya kama hanyar Ƙonni. Uban da kansa ya karanta ranar ƙarewar takardar, ya rubuta ta a bangon littafinsa na karatu, don ya tuna masa ta waya idan lokaci ya yi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.