Tagogin Ado A Bambar Motocin Gudu: Ko Huda Su Na Kawo Sanyi?

A cikin watan Janairu na shekara ta 2019 kamfanin Toyota na ƙasar Jafan ya yaye lulluɓin sabuwar motarsa mai suna GR Supra a wurin baje kolin motoci na birnin Ditroit a Amurka. Mota ce mai kujeru biyu, mai inji silinda shida na kamfanin BMW, aka kuma harhaɗa ta a garin Graz na ƙasar Ostiriya. Jikinta duk tagogin iska ne: a ƙarƙashin fitilun gaba, da bisa murfin inji, da jikin ƙofofi, har da bambar baya. Ba a jima ba masu sharhin motoci suka lura cewa yawancin waɗannan tagogi a toshe suke da baƙar roba, ko sauro ba zai wuce ta cikinsu ba, balle iska. Surutu ya yi yawa, har babban injiniyan da ya shugabanci ƙera motar, Tetsuya Tada, ya bayyana wa 'yan jarida cewa da gangan aka bar su haka, domin tafiyar yau da kullum ba ta bukatarsu, amma wanda zai kai motarsa filin tsere yana iya cire toshiyar ya sa su aiki.

Wannan jawabi bai faɗi ƙasa banza ba. Masu irin waɗannan motoci a Amurka da Turai da Jafan sun daɗe suna ɗaukar zarto da wuƙa suna huda bambar motocinsu, ƙananan masana'antu kuma suna ƙera musu mazurarai da tiyo na musamman suna sayarwa. A kan Mazda MX-5 da Subaru BRZ da Toyota 86, mazaunin fitilar hazo shi ne wurin da aka fi hudawa, tun da yake ramin yana nan a shirye, kuma yana kusa da tayar gaba.

Al'amarin ma ya girmi yawancin masu yinsa. Motar Ford Mustang da ta fito a shekara ta 1964 tana da wani ado a gefenta, gaba kaɗan da tayar baya, mai kama da mashigar iska, amma ba ya shigar da kome. Da Carroll Shelby, wani tsohon direban tsere mutumin Jihar Teksas wanda ya ci gasar Le Mans ta Faransa a 1959, ya karɓi aikin mai da Mustang motar tsere, sai ya sa wa samfurin GT350 na 1966 mazurari na gaske a daidai wannan wuri, aka ja hanya daga nan zuwa birkin baya domin ya riƙa shan iska. Abin lura a aikin Shelby shi ne hanyar nan da aka ja. Ita ce yawancin masu huda bamba a yau suke mantawa da ita.

Inda Zafin Yake Fitowa

Injin fetur, galibi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin man da ya ƙona yake zama tafiya. Sauran yana fita ne a matsayin zafi, wani ta salansa, wani kuma ta ruwan lagireto da baƙin mai. Saboda haka in an ƙara wa inji ƙarfi, kamar yadda masu motocin gudu suke son yi, an ƙara wa lagireto kaya ke nan.

Lissafin birki ya fi wannan ban tsoro. Birki ba shi da wata dabara ta tsai da mota sai ta mai da gudunta zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 200 cikin awa, in aka taka mata birki har ta tsaya cik, zafin da zai taru a faya-fayan birkinta ya isa ya tafasa ruwa wajen lita bakwai, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake tara shi, mafi yawansa a tayoyin gaba. A kan titi direba yakan yi irin wannan tsayawa sau ɗaya, ƙarfen ya huce. A filin tsere kuwa kowace kwana sai an taka, kafin faifan ya huce an sake zuba masa wani zafin. Daga nan zafi yakan bi ƙarfe ya kai ga man birki. Man birki mai lamba DOT 4, sabo fil, ƙa'idarsa ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma da yake mai ne mai shan laima daga iska, wanda ya tsufa yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota kuwa tana nan tana tafiya. Direbobin manyan motoci da ke gangaro Hawan Kibo daga Jos sun san wannan masifa ba sai an karanta musu ba, ko da yake nasu birkin na iska ne, takalminsa ne yakan ƙone ya daina kamawa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mafi yawan masu buɗe tagogin bamba birkin gaba suke nufi da iskar.

Aikin Da Ke Bayan Huji

Cire toshiyar roba aikin rabin awa ne. Abin da ke bayanta shi ne ke cin kwanaki. A motoci da yawa, in aka leƙa ta ramin, abin da za a tarar shi ne tankin ruwan wanke gilashi, ko ƙaho, ko damin wayoyin lantarki, sa'an nan ga robar da ta lulluɓe gidan taya ta tsaya kamar bango. Iskar da ta shigo nan ba ta da inda za ta, sai ta yi ta kewaya a wurin. Mai mota ya ga rami a buɗe ya yi murna, alhali kuwa birkinsa bai san an yi ba.

Masu aikin da kyau sukan fara da ɗaura mazurari a bayan ramin, su like gefensa sarai don kada iska ta zurare. Daga mazurarin sai a ja tiyo mai jure zafi, mai faɗin inci biyu da rabi ko uku, a bi da shi ta inda ba zai yi lanƙwasa mai tsanani ba, domin kowace lanƙwasa tana rage ƙarfin iskar. Wajibi ne kuma a ɗaga motar, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a tabbata taya ba ta gogar tiyon, in ba haka ba kwana biyu za ta cinye shi.

Inda tiyon zai ƙare shi ne ainihin gwanintar. Faifan birkin gaba na irin waɗannan motoci ƙarfe biyu ne da aka haɗa da 'yan ginshiƙai a tsakani, in yana juyawa yakan yi aiki kamar fanka, ya ja iska daga tsakiyarsa ya watsa ta ta baki. Don haka ake cire farantin da ke kare faifan daga ƙura, a sa wani wanda yake da baki na karɓar tiyo, a nufi cibiyar faifan da iskar, ita kuma ta bi ta cikinsa ta sanyaya fuskokin biyu daidai wa daida. Wanda ya ɗaure tiyonsa yana hura fuska ɗaya kawai ya yi gyaran gangar Auzinawa, gama gefe ɗaya zai yi sanyi ɗayan na ci da wuta, faifan ya karkace ko ya tsage, sitiyari ya kama rawa duk sa'ad da aka taka birki.

Waɗansu kuma ƙaramin lagireto na sanyaya baƙin mai suke sawa a bayan ramin. A nan ma dokar ɗaya ce, sai dai da ƙari: iska tana bin hanya mafi sauƙi, in ta sami sarari a gefen lagireton za ta kewaye shi ta wuce, kuma in ba a yanka mata mafita a baya ba, ba za ta ratsa shi ba sam. Galibi a jikin robar gidan taya ake yanka mafitar, a yi mata 'yan tsage-tsage masu kallon ƙasa don kada taya ta watso tsakuwa ciki. Ana kuma haɗa shi da tamostat, wanda ba ya barin mai ya bi ta lagireton sai ya ɗau zafi wajen digiri 80, domin baƙin mai da bai yi zafi ba kauri gare shi, ba ya kuma korar laimar da ke taruwa a cikinsa. Makanikan ƙasar nan da suka saba cire tamostat su jefar, wai don nan ƙasar zafi ce, ya kamata su yi wa wannan batu kallo na biyu.

Dalilin Toshewa

Kada mai karatu ya ɗauka rowa ko lalaci ne kaɗai ya sa kamfanoni suke toshe waɗannan tagogi. Gaskiya ne akwai na ado zalla, akwai kuma waɗanda aka toshe don bamba ɗaya ake sa wa samfuri mai tsada da mai araha. Amma duk iskar da ta shiga cikin mota ta fita tana riƙe motar, tana ƙara mata shan mai, shi ya sa motoci da yawa na wannan zamani suke da marufai a gaban lagireto masu rufe kansu in inji bai bukaci iska ba. Bayan haka, iskar da aka tura cikin gidan taya ba tare da mafita ba takan taru ta riƙa ɗaga goshin mota a babban gudu, daidai lokacin da ake son tayoyin gaba su danne ƙasa. Har ila yau, rami a gefen bamba yana iya sace iskar da dā za ta matsa ta ratsa babban lagireto, a wayi gari an sanyaya birki an zafafa inji.

Abin da kamfanin Honda ya yi ya isa misali. Motarsa Civic Type R ta 2017 ta sha ba'a saboda manyan tagogin ƙarya da ke bambarta gaba da baya, masu kai ta filin tsere a lokacin zafi kuma suka yi ta kukan cewa injinta yana zafi har ya rage ƙarfin kansa. Da kamfanin ya tashi gyara a samfurin 2020, tagogin nan na gefe ya bar su a toshe. Babbar mashigar iska ta tsakiya ya faɗaɗa da kashi 13 cikin ɗari, ya sake fasalin lagireto, ya kuma ce zafin ruwan inji ya sauka da wajen digiri 10 a gwajin da ya yi. Injiniyoyin da ke da ɗakin gwajin iska a hannunsu sun ga cewa maganin yana tsakiya ne.

Wanda ba shi da irin wannan ɗaki ba a bar shi hannu wofi ba. Masu tsere sukan manna gajerun zaren ulu a kewayen ramin da bayansa, su ɗauki hoto mota na tafiya, su ga ko zaren yana shiga ko yana fitowa, domin ya sha faruwa a huda wuri a tarar iska fita take yi ta nan. Sukan kuma shafa wa bakin faifan birki wani fenti mai sake launi in zafi ya kai wani mataki, su auna kafin aiki da bayansa. Dabara mafi sauƙi ita ce a buɗe gefe ɗaya, a like ɗayan da salatif, a zaga fili sau biyar, a auna faifan dama da na hagu. Ranar sanyi ko ruwan sama ma sukan like rabin ramin da gangan, gama takalmin birki na tsere ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi.

Irin waɗannan motoci suna shigowa Nijeriya ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, ana kuma ganinsu a Abuja da Kano da Fatakwal. Zafin bazara a Arewa, wanda yakan wuce digiri 40, yana iya sa mai mota ya yi sha'awar huda bambarsa, amma a cunkoson titi ramin ba ya tsinana kome, domin ƙarfin iskar da ke shiga yana bin gudu ne: in gudu ya ninka biyu, matsinta ya ninka huɗu, in mota ta tsaya kuwa fanka ce kaɗai ke aiki. Abin da ramin zai shigo da shi a titunan nan shi ne tsakuwa da ƙurar hunturu da ledar ruwa, don haka raga ta ƙarfe a bakinsa dole ce, ko da yake ita ma tana tare wani kaso na iskar. In motar sabuwa ce, yanka bamba yana iya jawo gardama da dillali a kan garanti.

Mafi haɗari duka shi ne abin da waɗansu suke yi na jan tiyo daga ramin ƙasan bamba zuwa inda inji yake shaƙar iska, don ya sha mai sanyi. Kamfanin Dodge ya yi makamancin haka a motarsa Challenger Hellcat ta 2015, amma ta tsakiyar fitilar gaba ya huda, can sama da ƙasa. Ramin ƙasan bamba kuwa bai fi taƙi ɗaya ko biyu daga kwalta ba. A damina, in mota ta kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titunan Legas, tiyon zai zuƙe shi kai tsaye zuwa cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya same shi, sandar da ke tura fistin ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa jikin inji, mai mota ya koma neman wani injin daga ƙasar waje.