Masu Sayen Daji Domin A Bar Shi Daji

Duk wanda ya sayi fili a ƙasar nan, ɗayan abu uku ne ke ransa: ko ya yi gini, ko ya yi noma, ko kuwa ya ajiye sai ya yi tsada ya sayar. Saboda haka watakila mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa akwai waɗansu ma'aikata a duniya waɗanda ake biyansu albashi domin su nemi daji ko fadama ko gaɓar teku su saya, sa'an nan su tabbatar ba wanda zai aza ko da tubali ɗaya a wurin, har 'ya'ya da jikoki. Waɗannan mutane ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ƙungiyoyin sa-kai na kare ƙasa da halittunta ne ke ɗaukarsu aiki, wato irin ƙungiyoyin da ba a kafa su domin neman riba ba.

Ɗaya daga cikin iyayen waɗannan ƙungiyoyi ita ce National Trust ta ƙasar Ingila, wadda mutum uku suka kafa cikin 1895: Octavia Hill, mai fafutikar samar wa talakawan Landan gidaje masu kyau, da Hardwicke Rawnsley, malamin coci, da kuma Robert Hunter, lauya. Filin da suka fara samu kyauta ce. Wata mata mai suna Fanny Talbot ta ba su wani tudu mai kusan eka 5 a bakin teku a yankin Wales. Bayan shekara huɗu, cikin 1899, suka sayi eka 2 na wata fadama da ake kira Wicken Fen, kusa da garin Kambirij, a kan kuɗi fam 10. Tun ƙarni na 17 ake ta janye ruwan fadamun wannan yanki ana mai da su gonaki, har ya zamana abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Daga waɗannan eka 2 aka yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan, har wurin ya kai wajen eka 2,000, masana kuma sun ƙirga irin tsirrai da ƙwari da tsuntsaye da sauran halittu fiye da 9,000 a cikinsa.

Kafin A Taya

To, ta yaya ake wannan aiki? Abu na farko shi ne zaɓe, domin kuwa kuɗin ƙungiya ba su isa su sayi kowane daji ba. Alal misali, cikin 1965, da National Trust ta ƙudura niyyar ceton gaɓar teku daga masu gine-gine, sai da aka tura ɗaliban Jami'ar Reading suka bi gaɓar da ƙafa suna zana taswira, aka ware wajen mil 900 da ba a riga an ɓata ba. A kan wannan taswira aka yi shekaru ana saye. Yanzu ƙungiyar tana riƙe da gaɓar teku fiye da mil 780.

Idan an zaɓi wuri, sai neman mai shi. A nan ne ake gane ma'aikaci mai haƙuri. Sau da yawa mai ƙasa ba ya da niyyar sayarwa, domin gadon iyaye ne. Ma'aikacin ba ya da ikon tilasta masa, sai dai ya riƙa kai masa ziyara, su saba, ya fahimci abin da ke damunsa, ko bashi ne, ko tsufa, ko tsoron kada magada su yanka gonar su sayar bayan ransa. Ana iya yin shekara goma a haka ba a yi zancen kuɗi ba. Amma ran da mai ƙasar ya yanke shawara, wanda ya saba gani shi zai fara tunawa.

Daga nan sai aikin takarda, wanda shi ne ya fi cin rai, kuma shi ne ba a gani. Lauya zai bi asalin takardun mallaka ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai abin, ba a jinginar da filin ba, kuma babu wani magaji da zai ɓullo daga baya. Ma'aunin ƙasa zai bi iyaka ya kafa alamu. Za a bincika ko akwai masu hakkin kiwo, ko hanyar da jama'a suka saba bi, ko wata guba da aka taɓa binnewa a ƙasar. Za a kuma kira wanda ya san darajar ƙasa ya yi mata kuɗi, saboda dukiyar da za a biya amanar jama'a ce, ba a yin ciniki da ita da ka. Ba banza ba aka sami lauya cikin mutum ukun nan na farko.

Ina Kuɗin Suke Fitowa?

Yawanci daga aljihun jama'a. Lokacin da aka sa wani kurmi mai eka 108 da ake kira Brandelhow a kasuwa, a yankin tafkuna na arewacin Ingila, fam 6,500 ake nema. Ƙungiyar ta yi shela, masu hali da ma'aikatan masana'antu kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka buɗe wurin ga jama'a cikin 1902. Sai dai kuma ciniki ba ya jiran a gama tara gudummawa. Domin maganin wannan, wata ƙungiya irinta a Amurka, The Nature Conservancy, ta ba da rancen dala 7,500 cikin 1955 aka sayi eka 60 a bakin kogin Mianus, bisa sharaɗin a mayar da kuɗin domin a sayi wani wurin da su. Daga nan aka sami asusun da ke juyawa, a ɗauka a saya da sauri, a tara a mayar.

Ba kullum ne ake saye ba. Wani yakan bar ƙasarsa cikin wasiyya, kamar yadda marubuciyar nan ta littattafan yara, Beatrix Potter, ta bar wa National Trust kimanin eka 4,000 da ta rasu cikin 1943. Wani kuma ba ya so ya rabu da gonarsa, sai a ƙulla yarjejeniya da shi: ƙasa tana nan tasa, ya noma, ya yi kiwo, ya bar wa 'ya'yansa, har ya sayar in ya ga dama, amma ya sarayar da ikon yin gini ko sare kurmi, kuma sharaɗin yana bin ƙasar duk hannun da ta shiga. Ma'aikacin kirki kuwa ba ya karɓar ko da kyauta sai ya lissafa abin da za a riƙa kashewa wajen kula da wurin kowace shekara, ya san inda kuɗin za su fito. In ba haka ba, an ba ka raƙumi ne ba a ba ka akala ba.

Bayan An Sa Hannu

Cikin 1907 Majalisar Dokokin Ingila ta ba National Trust wani iko na musamman: idan ta ayyana fili a matsayin wanda ba a rabuwa da shi, to, ita kanta ba ta da ikon sayar da shi ko jinginar da shi, hukuma ma ba ta karɓe shi da ƙarfi sai maganar ta je gaban Majalisa. Mai karatu zai ga abin ya yi kama da wakafi. Hikimar ita ce, masu riƙe da ƙungiya yau za su shuɗe, ba a kuwa san halin waɗanda za su gaje su ba.

Duk da haka, takarda ba ta tsare daji ita kaɗai. Dole a riƙa zaga iyaka ana duba ko wani ya matso da shinge, a ziyarci masu yarjejeniya a ga ko sun cika alkawari. A Wicken Fen har yanzu ana yankan ciyawar fadama kamar yadda mutanen dā ke yi, an kuma saki dawaki da shanu suna kiwo domin kada sarƙaƙiya ta cinye wurin. Maƙwabta ma suna da tasu maganar. Cikin 1999, da ƙungiyar ta bayyana shirinta na faɗaɗa fadamar zuwa murabba'in kilomita 53 cikin shekara ɗari, waɗansu manoma sun nuna rashin yarda, suna cewa bai kamata a mai da ƙasar da ke ba da abinci fadama ba. Wannan ba ƙaramar hujja ba ce, kuma ma'aikacin da ya raina ta ba zai ƙara samun mai sayar masa da ko taki ɗaya ba.

A Nan Gida Fa?

Mu ma muna da irin wannan ƙungiya, wato Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafa ta cikin 1980. Cikin 1990 ta buɗe wata cibiya a Lekki ta Jihar Legas, da taimakon kamfanin mai na Chevron, inda aka keɓe hekta 78 na kurmi da fadama. Tun daga lokacin gine-gine suka mamaye yankin Lekki, ƙasa ta yi tsadar da ba a zata ba, amma a cikin wannan shinge birai da kadoji da tsuntsaye suna nan suna sha'aninsu. Da an jinkirta, da wuya a ce kuɗin ƙungiyar sa-kai za su iya sayen wurin.

Sai dai ma'aikacinmu ba ya da makullin da takwaransa na Ingila ke da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da ake ba mutum ko ƙungiya shi ne takardar izinin zama, yawanci ta shekara 99, gwamna kuma yana iya soke ta idan ya ce bukatar jama'a ta taso. Ke nan, ban da takarda da shinge, babban abin da zai tsare irin wannan wuri shi ne mutanen da ke kewaye da shi su ga amfaninsa, har su tashi su yi magana ran da aka zo da katafila.

Wanda duk ya ga yadda burtali da makiyaya da kurmin bayan gari suka ɓace a idonsa ya san cewa fili ba ya tsira don kowa yana sonsa kawai. Sai an sami wanda zai bi iyakarsa da ƙafa, ya sa a rubuta shi, ya kuma dawo baɗi ya duba. Allah ya ba mu masu riƙon amana.