Yadda Rikicin Ƙasashe Ke Juya Akalar Kasuwar Shuwarin

Kasuwar Shuwarin da ke ƙaramar hukumar Kiyawa tana da nisa da Yamai, amma abin da ake yankewa a can yana taɓa farashin rago da buhun gero a nan.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka. Kasuwar Maigatari, inda dabbobin Nijar ke shigowa kowace Alhamis, ta yi sanyi, fatake suka koma bin ɓarauniyar hanya, kuɗin dako ya tashi. Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris 2024, amma Nijar ta riga ta raba gari da Faransa, ta karkata ga Rasha, kuma a Janairun 2025 ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso.

Yaƙin Rasha da Ukraine na 2022 shi ma ya ɗaga farashin taki da alkama, manomin rani ya ji a jikinsa.

Dole ɗan kasuwa ya sauya lissafi. Dillalin da ya dogara ga Nijar kaɗai ya fara neman dabbobi wajen masu kiwon gida. Mai saro ya rage bayar da bashi, yana kuma bibiyar canjin sefa kullum. Wanda ke sauraron labaran duniya kafin ya zuba jari shi ya fi tsira da uwar kuɗinsa.