Gérard Philipe: Tauraron Fim a Dandamalin Talakawa

A watan Nuwamba na 1950, bayan an tashi daga wasa a gidan wasan kwaikwayo na Atelier da ke Faris, wani saurayi ya bi ta bayan dandamali ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ɗan wasa kuma darakta Jean Vilar yake goge kwalliyar fuska. Saurayin ba ɓoyayye ba ne. Gérard Philipe ne, ɗan shekara 27, wanda furodusoshin Faransa ke rububi a kansa. Aiki ya zo nema. Shekara biyu kafin nan Vilar ne da kansa ya yi masa tayin fitowa a Le Cid, ya ce shi irin wannan wasa mai nauyi ba nasa ba ne. Yanzu ga shi ya kawo kansa, wurin mutumin da ba shi da kuɗin biyansa ko kusa da abin da silima ke ba shi.

An haife shi a Cannes ranar 4 ga Disamba 1922, a gidan masu hali. Mahaifinsa Marcel yana harkar otal, kuma lauya ake so yaron ya zama. Yaƙi ne ya sauya lissafin. Da Jamus ta mamaye arewacin Faransa a 1940, 'yan fim da 'yan wasa da dama suka gudo kudu, a nan darakta Marc Allégret ya ga yaron ya tura shi koyon sana'ar. A 1943 ya isa Faris ya fito a matsayin mala'ika a wasan Jean Giraudoux, Sodome et Gomorrhe. A 1945 aka ba shi Caligula na Albert Camus, sarkin Rum da hauka ta taɓa, kuma daga wannan dare sunansa ya cika gari.

Sai dai gidansu ya riga ya rabu biyu. Ɗan yana cikin matasan da suka fito a tashin da ya 'yantar da Faris a Agusta 1944. Uban kuwa ɗan jam'iyyar Jacques Doriot ne, ta masu haɗa kai da 'yan mamaya. Ya tsere Barsalona, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Gérard ya karkata ga siyasar 'yan gurguzu, amma bai yanke zumunci da mahaifinsa ba.

A fim, Le Diable au corps na Claude Autant-Lara ne ya ɗaga shi a 1947. Labarin ɗan makaranta ne da ya shiga soyayya da matar sojan da ke bakin daga, aka yi ta cece-kuce, tsofaffin sojoji suka fusata, jama'a kuma suka yi ta tururuwa gidajen silima. La Chartreuse de Parme da La Beauté du diable suka biyo baya. Yana da kyau, yana da murya mai ɗan rawa wadda take karyewa a inda ba a zata ba, kuma da ya so, da haka zai ci gaba har tsufa.

Abin da ya sa nake ganin ya cancanci a tuna da shi yana wurin Vilar. Shi Vilar ya kafa bikin wasan kwaikwayo na Avignon a 1947, a farfajiyar tsohuwar fadar Fafaroma, fili ne a buɗe, ba labule, ba rufi, sai doguwar katangar dutse da iska mai kaɗa riguna. A 1951 gwamnati ta damƙa masa Théâtre National Populaire, wato gidan wasan ƙasa na jama'a, wanda aka fi sani da TNP, a ginin Chaillot mai kujeru sama da 2,500. Ra'ayinsa shi ne wasan kwaikwayo hidimar jama'a ne, daidai da ruwa da lantarki. Ya san ba kuɗin tikiti kaɗai ke hana lebura da akawu zuwa ba, har da kunya da tsarin wurin. Saboda haka ya karya farashi, ya hana 'yan raka mutane kujera karɓar tukuici, ya sa ajiye kwat kyauta, ya matso da lokacin farawa don ma'aikaci ya samu jirgin komawa unguwarsa. A Suresnes, wajen Faris, a Nuwamba 1951, tikiti ɗaya yakan ba mutum wasanni da kiɗa da abinci da rawa, da zaman tattaunawa da 'yan wasan.

Tsari mai kyau, amma wa zai cika kujerun? A nan Philipe ya shigo. Matar da ta gan shi a silima za ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa don ta gan shi ido da ido, ko da ba ta taɓa jin sunan Corneille, marubucin Le Cid, ba. Shi kuma ya yarda da ƙa'idar gidan: albashinsa irin na abokan aikinsa, sunansa a fosta yana inda jerin baƙaƙe ya ajiye shi, can ƙasa wajen harafin P. Kada a ɗauka waliyi ne, fim na ci gaba da biyansa da kyau. Amma duk watan da ya yi a Chaillot ko a rangadin larduna, wata ne da ya bar kuɗi a ƙasa.

A Avignon, Yuli 1951, ya fito a Le Prince de Hombourg na Kleist, tare da Jeanne Moreau, sannan Le Cid. Wannan wasa na Pierre Corneille tun 1637 yake, kuma 'yan makaranta sun haddace shi har ya gundure su. Rodrigue ya kashe mahaifin budurwarsa Chimène don ya wanke marin da aka yi wa nasa uban, ita kuma dole ta nemi jininsa alhali tana sonsa. Tsofaffin 'yan wasa sukan rera baitocin da ƙasaita. Philipe ya furta su da sauri da zafin ƙuruciya, har jama'a suka ji kamar yau aka rubuta. Abin mamaki, ya faɗo daga dandamali a gwajin ƙarshe ya ji ciwo a ƙafa, don haka a wasannin farko kusan a tsaye wuri ɗaya ko a zaune ya yi su, murya ce ta ɗauki nauyin. Ko ya tuna da nasa uban yayin da yake wasan ɗan da mutuncin mahaifi ya ɗaure, wannan mai kallo ne zai raya a ransa. Lorenzaccio na Musset ya biyo a 1952, sai Ruy Blas da Richard II.

A 1952 ɗin ne kuma Fanfan la Tulipe ya fito, fim na takobi da tsalle-tsalle da barkwanci tare da Gina Lollobrigida. Sama da mutum miliyan 6 suka kalle shi a Faransa, Christian-Jaque ya ci kyautar darakta a Cannes, kuma fim ɗin ya kai sunan Philipe Tarayyar Sobiyet da Sin da Japan. A ganina, mafi kyawun aikinsa a silima shi ne Monsieur Ripois na René Clément, 1954, wanda aka ɗauka a titunan Landan. A nan ya fito mayaudarin mata mara zuciya, ya juya kyawun fuskarsa ya zama abin tuhuma.

Siyasa ba ta bar shi lafiya ba. Ya sa hannu a kiran Stockholm na 1950 na hana makamin nukiliya. A 1956 ya ba da umarnin fim ɗinsa ɗaya tilo, Till l'Espiègle, da haɗin gwiwar kamfanin DEFA na Jamus ta Gabas. Labarin talakawa ne masu bijire wa sojan mamaya, sai aka yi rashin sa'a ya fito a Nuwamba, daidai lokacin da tankokin Sobiyet ke murƙushe Budapest. Fim ɗin ya faɗi warwas. A 1958 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan Faransa, ya duƙufa kan albashi da sharuɗɗan aikin ƙananan 'yan wasa, waɗanda sunansu ba ya hawa fosta ko a ƙasa.

Ya dawo daga Meziko a 1959, inda ya yi fim da Luis Buñuel, jiki ba ƙwari. Da aka yi masa tiyata a Nuwamba sai likitoci suka tarar da sankarar hanta. Matarsa Anne ta zaɓi ta ɓoye masa, abin da daga baya ta rubuta littafi a kai, Le Temps d'un soupir. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 1959, saura kwana tara ya cika 37. An binne shi a ƙauyen Ramatuelle sanye da kayan Rodrigue.

Matsalar mai son auna shi a yau ita ce, aikin da ya fi ƙwarewa a kai ba a ɗauke shi a fim ba. Daga shekarun TNP, abin da ya rage yawanci faifan murya ne da hotunan da Agnès Varda ta ɗauka tun tana mai hoton gidan. Finafinan kuwa suna nan, kuma da su aka yi masa hukunci. François Truffaut, tun yana mai sharhi a jarida, ya sha caccakarsa, yana ganinsa fuskar tsohuwar silimar sutudiyo da ake goge kowace jimla har ta yi ƙyalli. Akwai gaskiya a ciki: a wasu finafinan za ka ji yana magana da kamara kamar mai son muryarsa ta kai kujerar ƙarshe a Chaillot. Amma Truffaut ya yi wa Ripois rashin adalci idan ya haɗa shi da sauran. A watan Mayu na shekarar da Philipe ya rasu, Truffaut ya ci kyautar darakta a Cannes da Les Quatre Cents Coups. A Maris 1960 À bout de souffle na Godard ya fito, da Jean-Paul Belmondo mai karyayyen hanci, yana tauna magana da sigari a baki, kuma furodusoshi suka koma neman irinsa.