Bizar Umara ba kujerar Hajji ba ce

Da zarar watan Sha'aban ya tsaya, akwai wata magana da kan sake tashi a majalisun Barkiya da Kurfi, har tashar motar Dutsin-Ma. Wai akwai wani ejan a Kano, ko a Katsina, ko ɗan gidan wane da ke zaune a Jidda, wanda zai samo wa mutum bizar Umara ya tafi cikin azumi. In an yi ƙaramar Sallah sai ya lafe a gidan 'yan uwa, ranar hawan Arfa ya saje da alhazai. Kuɗin kuwa, in ji masu yaɗa zancen, bai kai rabin na kujerar gwamnati ba. Hujjarsu ɗaya ce kullum: ai biza biza ce, tunda an bar ka ka shiga ƙasa, wa zai tare ka a ƙofar Ɗakin Allah?

Ba na ganin wautar wanda zancen ya shiga ransa. A 2023 kujerar Hajji ba ta kai naira miliyan 3 ba. A 2025 maniyyacin Katsina sai da ya biya sama da miliyan 8.4. Manomin da ya yi shekaru yana tarin kuɗin gyaɗa da na kiwo, kullum ya kusa cimma kuɗin sai su ƙara gaba, dole ya kasa kunne in aka ce ga wata hanya mai rahusa.

Akwai kuma sabo. Mu mutanen bakin iyaka ne da ba mu tashi da sanin biza ba. Mutum zai bar Barkiya da safe, ya ratsa Katsina da Jibiya, ya wuce Magama da Ɗan Isa, kafin la'asar yana Maraɗi wajen ta'aziyya ko ciniki. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi har kwana 90 ba tare da biza ba, kuma ko da Nijar ta kammala ficewa ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna zirga-zirga yadda suka saba har zuwa wani lokaci. Kafin wannan ma kakanninmu a ƙafa da bayan jaki suka riƙa zuwa Makka, ta Barno da Chadi da Sudan, su haye Bahar Maliya, wasu su shekara bakwai ba su dawo ba, wasu su zauna can dungurungum. A cikin ƙwaƙwalwarmu niyya da guzuri su ne tafiya. Takarda kuwa abin nuna wa mai kaki ne don ya ɗaga sanda.

To, a nan kuskuren yake. Biza iso ce. Wanda ya taɓa zuwa gidan hakimi ya san yadda abin yake: za ka faɗa wa dogari sunanka da abin da ke tafe da kai, ya shiga ya dawo ya ce an yi maka iso. Wannan ison na zaure ne, kuma na maganar da ka ce ta kawo ka ne. Bai ba ka ikon zarcewa cikin gida ba, bai ba ka ikon shimfiɗa tabarma ka kwana uku ba. In ka ce gaisuwa ka zo, ka shiga aka ga ka fito da takardar ƙarar gona, hakimi na iya cewa a fitar da kai, kuma ba wanda zai ce an zalunce ka don dogari ya riga ya ce ka shigo. Ofishin jakadanci shi ne dogarin. Mai yanke hukunci shi ne jami'in shige da fice da ke zaune a filin jirgin Jidda ko na Madina, yana duban fuskarka da yatsunka da abin da kwamfuta ta nuna masa.

Mun ga wannan ƙiri-ƙiri a watan Nuwamban 2023. Jirgin Air Peace ya tashi daga Legas, ya biya ta Kano, ya sauka Jidda da fasinjoji 264. Kowannensu na riƙe da biza. Suna sauka aka ce an soke. Bayan kai-kawo aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177 gida. Abin ya zo daidai lokacin da Shugaba Tinubu ke ƙasar ta Saudiyya, amma hakan bai hana ba. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya bayar shi ne, mutanen sun ba da bayanan da ba daidai ba suka karɓi nau'in bizar da ba tasu ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce, nawa ne daga cikinsu suka cike takardar da hannunsu? Galibin mutanenmu fasfo da kuɗi kawai suke miƙa wa ejan. Abin da ya rubuta da sunansu, da nau'in da ya nema musu, sai a gaban jami'i suke jin labarinsa. Yanzu ma da bizar Saudiyya ta zama takarda da ake fitarwa daga kwamfuta, ba hatimi a cikin fasfo ba, wanda bai iya karatun boko ko Larabci ba bai da hanyar gane ko ta Umara ce aka ba shi, ko ta ziyarar dangi, ko ta yawon buɗe ido, ko ma ta bogi.

Sharuɗɗan kuma ba a kan dutse aka rubuta su ba. A Satumban 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Najeriya kusan dubu a filayen jirgin Saudiyya saboda batun muharrami, aka dawo da ɗaruruwa, har Najeriya ta dakatar da jigila na ɗan lokaci. Shekara goma bayan haka, a 2022, ministan Hajji na Saudiyya ya ce mace na iya zuwa Hajji da Umara ba tare da muharrami ba. Saboda haka Alhajin da ya sauke farali shekara ashirin da suka wuce, yake ba da fatawar tafiya a gindin bishiya, labarin zamaninsa yake bayarwa.

Bizar Umara tana ba mutum damar zama har kwana 90, wannan gaskiya ne, kuma a nan masu lissafi ke ruɗuwa. Sai su ƙirga daga tsakiyar azumi zuwa Arfa su ga kwanakin sun isa. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne, kowace shekara Saudiyya na yanke ranar da duk mai bizar Umara zai bar ƙasar, ko da kwanakinsa ba su ƙare ba. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙida. Daga ranar ba mai shiga Makka ko zama cikinta da wata biza in ba ta Hajji ba. Mazauna Saudiyya masu iƙama, har da 'yan ƙasar kansu, sai da tasarihi, wato takardar izini, suke yin aikin Hajji. Kafin Hajjin 2025 hukumomi sun ce sun juya sama da mutum 269,000 daga mashigan Makka saboda rashin wannan izini.

Dalilin bai wuce faɗin ƙasa ba. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ba ya miƙewa. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar kujera ɗaya ga kowane Musulmi dubu, kuma a kan irin wannan rabo ne Najeriya ta samu kujeru 95,000 a 2023 da 2024: 75,000 na hukumomin alhazai na jihohi, 20,000 na kamfanonin jirgin yawo masu lasisin hukumar NAHCON. Kowace kujera a cikin waɗannan tana ɗauke da gurbi a tanti mai sanyaya iska a Mina da Arfa, da mota, da abinci, da likita, da katin Nusuk da ake nunawa a shingaye. Wanda ya shiga ta bayan fage ba shi da ko ɗaya. Ba zai hau motar alhazai ba don za a nemi kati. Ba zai shiga tanti ba. In jiri ya ɗebe shi, tsoron kamu zai hana shi zuwa asibiti.

Sakamakon wannan ya fito a Hajjin 2024, lokacin da zafi a Makka ya haura digiri 51. Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. Sun yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana ba inuwa. Da yawa ba a same su da wata takardar shaida ba, sai da aka sha wahala kafin a gane su waye. Masar, wadda ta fi kowa asarar rayuka, ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 da suka kai mutane ta wannan hanya. Wanda kuwa aka kama da ransa, a dokar 2025 tarar riyal har 20,000 ce, sai a kai shi Tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a tasa ƙeyarsa gida, da haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Wanda ya ɓoye shi ko ya ɗauke shi a mota, tasa tarar na iya kaiwa riyal 100,000. Wato ɗan uwan nan na Jidda da ake taƙama da shi, zaman nasa ne ake jefawa cikin haɗari. Kuma tunda da hoton yatsu ake shiga, tsohuwar dabarar sauya suna a yi sabon fasfo ta daina aiki. Ta fuskar addini ma, majalisar manyan malaman Saudiyya ta ce a 2024 bai halatta a yi Hajji ba tare da izini ba, kuma wanda bai samu izinin ba yana cikin waɗanda ba su da iko.

Irin wannan raini ake yi wa katin rigakafi, wanda wasu ke ɗauka takarda ce ta cika ƙa'ida da za a iya saye ba tare da allura ta taɓa fata ba. Mu da muke tsakiyar yankin sanƙarau bai kamata a tuna mana ba. A 1996, shekarar da cutar ta kashe dubban mutane a Arewa, Saudiyya ta dakatar da karɓar maniyyatan Najeriya. A 2014 ta hana 'yan Gini da Laberiya da Saliyo saboda Ebola. Allurar sanƙarau da ta shawara sai sun kwana goma a jiki kafin a amince da katinsu, don haka wanda aka buga masa kati ana gobe tashi ya san abin da ya saya. Fasfo ma sai ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare aiki, abin da ke tsayar da mutane da yawa bayan sun gama sallama da dangi.

Hukumomi kan ce sun yi gargaɗi, kuma sun yi. NAHCON na fitar da sunayen kamfanonin da ta ba lasisi, amma da Turanci, a shafin intanet. Tsohuwar da ke Barkiya, wadda 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗi, ba can take samun labari ba. A rediyo take ji, da bakin limami, da bakin jami'in alhazai na ƙaramar hukuma in ya ga damar fitowa daga ofis. Bitar da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina ke yi, ga waɗanda suka riga suka biya ake yinta, alhali masu faɗawa hannun ejan su ne waɗanda kuɗinsu bai kai ba. Shirin adashin gata da aka ƙaddamar a 2020 tare da bankin Jaiz, don mutum ya riƙa tara kuɗin kujera sannu a hankali, an yi shi ne domin irin waɗannan mutane, amma a ƙauyukan Kurfi sunan ejan ya fi sunan shirin tashe. A 2024 ko kujerun da aka ba Najeriya ba a cike ba, saboda tsada. Batun hukunta ejan kuwa, Masar ta hukunta kamfanoninta cikin kwanaki bayan Hajjin 2024. A nan, wanda aka dawo da shi daga Jidda yakan shigo gari da dare ya yi shiru don kunya, ejan ɗin kuma ya sauya lambar waya ya jira Sha'aban mai zuwa.