Idan Ɗan Gari Ya Dawo da Jitarsa

A Agadez ba a buƙatar allon talla kafin a san cewa wani babban makaɗin jita ya dawo daga yawon Turai ko Amurka. Ɗan kabu-kabun da ya hango shi a tasha zai faɗa wa mai shayi, mai shayi ya faɗa wa 'yan fada, kafin la'asar magana ta ratsa kasuwa ta shiga unguwanni. Tambayar da ke biyo baya guda ce: a bikin wa zai yi wasa? A wannan gari, kiɗan jita da Turawa ke sakawa a sahun rock ya fi zama a filin biki, a tsakiyar titi, a kan tabarma. Mutumin da ake sayen tikiti mai tsada don a gan shi a Paris ko New York, a nan yarinya mai tallar gyaɗa ma tana iya tsayawa gab da shi, da farantinta a ka, ta kalli yatsunsa har ta ƙoshi.

Abin yana da tushe. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin Abzinawa, samari da yawa suka bar daji suka nufi Aljeriya da Libiya neman abin yi. A Tamanrasset da sansanonin Libiya suka haɗu da jita, suka ɗora mata waƙoƙin kewar gida da na kiran 'yan uwa su haɗa kai. A al'adarsu kirari da yabo aikin maƙera ne. Tende, wato turmin da ake rufe bakinsa da fatar akuya a kaɗa, na mata ne, goge mai tsirkiya ɗaya ma mata ke goga shi. Jita kuwa baƙuwa ce, ba gadon kowa ba, shi ya sa ɗan kowane gida ya iya ɗaukarta. Ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali ita ta share fage, a Nijar kuma marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne uban tafiya.

Da tawayen Abzinawa ya ɓarke bayan kashe-kashen Tchintabaraden na watan Mayun 1990, waƙoƙin nan suka koma abin ɓoyo. A ƙaramar rikoda ake naɗar su, a kwafa daga wannan kaset zuwa wancan har sauti ya dusashe, wanda aka kama da irinsu a shingen sojoji kuwa yana iya kwana a tsare. Yaran wannan zamani sun tashi da muryoyin mutanen da ba su san kamanninsu ba. Kaset ɗin ba shi da hoto, wani ma ko suna babu a jikinsa. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 makaɗan suka riƙa fitowa fili, aka gan su ido da ido. Duk wanda ya girma a haka, ganin gwaninsa yana wasa a cikin gari ya wuce nishaɗi a wurinsa: shaida ce cewa an daina gudu.

Labarin Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, shi ya fi nuna wannan. An haife shi a 1980 a Tidene, wani zango da ke arewa da Agadez. Yana ɗan shekara goma rikici ya kora iyalinsa zuwa Tamanrasset, a can ya fara taɓa jita. Ya yi zama a Libiya, inda yake kiwo yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon hannunsu, ya dawo Agadez a 1997. Da tawaye na biyu ya tashi a 2007 a zamanin Shugaba Mamadou Tandja, aka sa yankin cikin dokar ta-ɓaci, hukuma ta ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. Ya tsere Burkina Faso. A watan Janairun 2010, bayan an ajiye makamai, ya dawo, kuma da amincewar Sarkin Abzin ya yi wasa a filin da ke gindin babban masallacin Agadez, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 wadda tarihinta ya faro tun ƙarni na 16. Jama'a suka yi dafifi, yara da manya. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, ya ɗauki taron. A ganina wannan wasan ya fi duk wanda Bombino ya yi daga baya nauyi, har da na bayan fitar faifansa Nomad a 2013, da lokacin da faifansa Deran ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. Wurin da aka yi shi, da wanda ya ba da izini, su suka faɗa wa mutane cewa jita ta daina zama laifi.

Irin wannan babban taro ba kullum ake yi ba. Abin da aka saba gani idan makaɗi ya dawo shi ne, kwanakin farko na gaisuwa ne. Zai zagaya gidajen iyaye da kawunnai da gwaggonni, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, in mai rawani ne ya ja amawali ya rufe baki a gaban manya da surukai, domin kunya babban ado ce ga namijin Ba'abzine. Gidan da aka yi rasuwa yana kan hanya, sai ya je ta'aziyya kafin a ji ƙarar jitarsa a ko'ina. Tsohuwar da ta goya shi ba ruwanta da sunan da ke jikin faifai. Za ta ce masa, "Ɗana, ka dawo? Yaya hanya? Amma ka rame." Shi kuma ya amsa da "Lafiya lau, Inna," kansa a ƙasa. Agadez gari ne da Hausa ta zama harshen kasuwa da titi, don haka gaisuwar kan fara da Tamashek ta ƙare da Hausa, ko ta fara da Hausa ta koma Tamashek, ba wanda ya lura.

Wasan farko sau da yawa na abokai ne. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ko a fita bayan gari cikin rairayi da mota ɗaya ko biyu. A hura gawayi, a ɗora 'yar buta, mai haɗa shayi ya riƙa ɗaga hannu sama yana zubawa daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, har kumfa ta taru. Sau uku ake sha, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Wani lokaci a gasa tagilla, burodin da ake binnewa cikin rairayi mai zafi a ƙarƙashin garwashi. Jitar da ake kaɗawa a nan ba ta lantarki ba ce. Wani ya kifa ƙwarya yana bugawa da dunƙulen hannu, sauran su riƙa tafi suna amshi. Jita takan zagaya hannu hannu, kuma babban makaɗi ba ya hana ƙaramin yaro ya gwada a gabansa. In ya kuskure, ya miƙa hannu ya gyara masa yatsa, ba tare da ya ce komai ba.

Biki kuwa shi ne babban fage. Dangin ango ko na amarya su ke ɗaukar makaɗa. Tun da rana a tare titin ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi da darduma su yi murabba'i, a bar tsakiya fili. A gefe ɗaya makaɗa ke jera kayansu: jita biyu ko uku, jitar bas, jerin ganguna irin na Turawa waɗanda galibi sun sha ɗinki da ɗauri, da lasifikoki da suka sha ƙura. A ja janareta can nesa da doguwar waya don kada ƙararsa ta danne kiɗa. Babu dandamali, babu labule, babu shinge tsakanin mai kiɗa da mai kallo. Mata su zauna a ɓangarensu, cikin shadda da mayafai masu ado, hannu da ƙafa sun sha lalle, wuya da kunne sun sha azurfar maƙeran garin. Maza su tsaya ko su zauna a nasu ɓangaren da manyan riguna da rawuna, wasu da baƙin turkuɗi mai sheƙi, irin wanda tun kaka da kakanni daga Kura ta ƙasar Kano ake kawo shi, wanda shuninsa ke zuba a fatar mai shi. Yara su cika duk wata kafa da ta rage, wasu a kan katanga, wasu a kan babura.

Kiɗan yakan fara a hankali, jita ɗaya tana maimaita gajeren zubi, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya. Tafiyarsa irin ta raƙumi ce, da sauƙi da farko, sannan sassarfa, daga nan sai sukuwa. Rawa ba ta kowa da kowa a lokaci guda ba ce. Sanƙira mai riƙe da makirufo shi ke kira: ƙawayen amarya su fito, abokan ango su fito, dangin uwa su fito. Mutum huɗu ko shida su shiga fili, su jera suna fuskantar juna, su taka na ɗan lokaci su ba wasu wuri. Rawar maza ta kafaɗa ce da hannuwa a buɗe, babbar riga tana kaɗawa, ƙafa tana tayar da ƙura. Ta mata ta fi natsuwa, motsin yana wuyan hannu da kafaɗa, fuska ba yabo ba fallasa. Idan mai jita ya saki waƙa ya shiga sarrafa tsirkiya shi kaɗai, ya matso tsakiyar fili har wayar jitarsa ta miƙe, nan ne guɗa ke tashi daga ɓangaren mata, samari su yi ihu, wani ya fito da takardar jika ya manna masa a goshi ko ya soke masa a rawani. Wani yaro daga cikin 'yan ƙungiya ya bi yana tsince kuɗin liƙi yana zubawa a jakar jita.

Abin da ya raba wannan da wasan ƙasashen waje shi ne, a nan ana jin abin da ake faɗa. Bature yana jin daɗin sautin, yana kaɗa kai, amma bai san zangon da aka ambata ba, bai san rijiyar ba, bai san wanda ya tafi bai dawo ba. A Agadez idan aka tayar da tsohuwar waƙar zamanin kaset, za ka ga magidanci mai furfura wanda ya zo rakiyar 'yarsa ya miƙe tsaye, leɓɓansa na motsi a bayan amawali, bai kuskure baiti ko ɗaya ba. Kuma mutanen gida ba sa raga wa gwani. Za su ce wane hannunsa ya yi sanyi tun da ya fara zama a waje, ko su ce ya cika gudu don ya burge Turawa. Na yarda da wannan hukunci nasu fiye da na 'yan jaridun waje, domin su ne suka san yadda waƙar take tun ba a gyara ta a ɗakin naɗar sauti ba.

Yaran da ke tsugune a gaban lasifika su ne makarantar wannan sana'a. Ba rawa ta kawo su ba, yatsu suke kallo. Mdou Moctar, bahagon makaɗin nan ɗan yankin Abalak, ya sha faɗin cewa ganin Abdallah Oumbadougou yana wasa ne ya sa masa son jita. Gidansu gidan addini ne da ba a yarda da kiɗa ba, sai ya sassaƙa tasa da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayar salula da katin memori waƙoƙin suka bazu a Sahel kafin wani kamfani ya san da shi. Yau ma haka ake yi. Wayoyi a sama suke tun daga farkon biki har ƙarshe, washegari kuma an tura wa 'yan uwa da ke Arlit da Yamai da Sabha.

Ba kowa ke murna da abin ba. Akwai malamai da iyaye da ke ganin taron jita hanya ce ta cakuɗa maza da mata da ɓata lokacin samari, kuma akwai gidajen da ba a kawo makaɗa bikinsu. Makaɗan sun san haka, shi ya sa da an kira salla ake kashe kaya, a jira a idar. Mata masu riƙe jita har yanzu ƙalilan ne, ko da yake Fatou Seidi Ghali da ƙungiyarta Les Filles de Illighadad sun nuna cewa mace na iya haɗa tende da jita ta kai su har ƙetare.

Batun kuɗi shi ne abin da ke damuna. A da masu yawon buɗe ido suna cika Agadez a lokacin sanyi, makaɗa suna samun aiki a otal da zangon matafiya. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a watan Satumban 2010 suka tsayar da wannan harka, ko sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da ita yadda take ba. Abin da ya rage wa yawancin makaɗa shi ne biki da suna, kuɗin kuma idan aka cire hayar janareta da mai, aka raba tsakanin mutum biyar ko shida, ba ya taka kara ya karya. Ƙungiya irin Etran de L'Aïr, ta 'yan uwan juna daga unguwar Abalane, ta kafu tun 1995, ta shafe shekara sama da ashirin tana kiɗan biki kafin faifanta ya fita waje a 2018. Irinsu da ba su sami wannan dama ba sun fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa wanda ya fita ya dawo, nauyi na jiransa. Ana sa ran ya yi wa dangi da maƙwabta wasa ba tare da ciniki ba, ya ba ƙananan ƙungiyoyi aron lasifika, ya ja wani yaro ya sa shi a bayansa yana riƙe masa kiɗa. Tsarabar da samari suka fi tambaya kuwa ita ce tsirkiyar jita, domin mai kyau tana wuyar samu a kasuwar garin, wadda ta tsinke ma ƙulla ta ake yi a ci gaba da amfani da ita.